Darasi na Goma Sha Ɗaya: Wa Ke Bin Sawun Kuɗin Jama'a?

A wani ajin manya da na taɓa koyarwa da daddare, na tambayi ɗalibai ko mene ne aikin ɗan majalisa. Wani dattijo mai sayar da goro ya gyara zama ya ce, "Malam, namu dai sai godiya. Bara da azumi ya raba shinkafa da sukari, ya kuma ba samari babura goma." Washegari da hantsi na maimaita wannan amsa a ajin mata. Wata uwa daga layin baya ta ce, "Malam, ka gaida Baba mai goro, ka ce masa ni da na kai 'yata haihuwa asibitin garinmu, da fitilar waya aka karɓi haihuwar. Safar hannu, auduga, reza, duk ni na aika kemis aka sayo. Shinkafar Onarabul ba ta shiga ɗakin haihuwa ba."

Wannan mata ba ta taɓa buɗe kundin tsarin mulki ba, amma ta fi dattijon kusa da abin da ke cikinsa. Kundin 1999 ya ɗora wa sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, da kuma 'yan majalisun dokokin jihohi, yin doka da wakiltar jama'a da sa ido a kan ɓangaren zartarwa, wato shugaban ƙasa da ministocinsa, ko gwamna da kwamishinoninsa. Rabon kayan azumi ba ya ciki. Darasinmu na yau a kan sa idon ne, kuma za mu bi shi ta inda ya fi taɓa mu: asibiti da hanya da kuɗin da ake yin su da shi.

Makullin rumbu

Duk kuɗin da gwamnatin tarayya ta tara, na mai da na haraji da na kwastan, idan rabonta ya fito yana shiga asusu guda. Sashe na 80 na kundin ya ce ba a fitar da ko kwabo daga wannan asusu sai da izinin doka, dokar kuwa majalisa ce ke yin ta. Ku ɗauka rumbu ne: shugaban ƙasa shi ke awo yana bayarwa a dafa, makullin kuma yana hannun majalisa. Haka abin yake a jiha bisa sashe na 120.

Shi ya sa kowace shekara za ku ga shugaban ƙasa ya je gaban majalisun biyu a haɗe ya ajiye kundin kasafin kuɗi. Abin da talabijin ke nunawa ke nan, ana tafi ana raha. Ainihin aikin yana farawa ne bayan an watse, lokacin da aka rarraba kundin ga kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo "kare kasafi". Ɗaki ne mai dogon tebur. 'Yan kwamiti na zaune a sama, minista da babban sakatare da daraktoci na ƙasa, kowa da tulin fayil. Ɗan kwamitin da ya yi karatun takardunsa zai ce, "Ranka ya daɗe, bara mun ba ku kuɗin sayen motocin ɗaukar marasa lafiya, ga shi bana kun sake rubuto su. Na bara suna ina?" Wanda bai karanta ba zai yaba wa minista, ya roƙa a tuna da mazaɓarsa, ya duba agogo.

Irin wannan zama ne ya tona wani abin mamaki a watan Fabrairun 2016. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya shaida wa kwamitin lafiya na Majalisar Dattawa cewa alƙaluman da ke gabansu ba su ne ma'aikatarsa ta shirya ba. Wato a tsakanin teburin minista da zauren majalisa, wasu hannuwa sun sauya lambobi. Da babu zaman da ake tilasta wa minista ya buɗe kundin a bainar jama'a, da haka abin zai wuce.

Idan majalisa ta amince, sai a kai wa shugaban ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya zartar da dokar ba tare da shi ba. Ba kasafai ake zuwa nan ba, amma an taɓa yi: dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta ta shekarar 2000 haka ta samu, bayan Shugaba Obasanjo ya ƙi sa mata hannu.

Kashi ɗaya cikin ɗari

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga kiwon lafiya. A gidanmu aka yi alƙawarin, amma kasafin tarayya ya daɗe yana yawo a wajen kashi 5. Wannan kaɗai tambaya ce da ta isa a yi wa kowane ɗan majalisa, domin da hannunsa ake zartar da kasafin.

Akwai kuma labarin da ya kamata kowa a ajin nan ya riƙe. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 11 na dokar ya kafa wani asusu na musamman don kiwon lafiya a matakin farko, ya ce duk shekara a zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin ɗari na babban asusun tarayya ba. Har yadda za a raba kuɗin dokar ta fayyace: rabi ya bi ta hukumar inshorar lafiya don biya wa marasa ƙarfi, kashi 45 ya tafi ƙananan asibitoci don magunguna da alluran rigakafi da gyaran gini da horar da ma'aikata, sauran kashi 5 kuma na taimakon gaggawa.

Doka ta yi kyau a takarda. Kasafin 2015 ya zo babu kuɗin, na 2016 babu, na 2017 babu. Ƙungiyoyin likitoci da na farar hula suka yi ta sintiri a majalisa, suna tunatar da ita cewa dokar da ta yi da kanta ake takewa. Sai a kasafin 2018 majalisa ta takwas, lokacin Bukola Saraki na shugabantar Dattawa, ta saka sama da naira biliyan 55 don wannan asusu. Daga nan ne kuɗi suka fara shiga kai tsaye cikin asusun ƙananan asibitocin da aka zaɓa, da nufin a samu aƙalla guda a kowace gunduma, kwamitin ci gaban gunduma kuma yana da ta cewa kan yadda ake kashe su.

A ganina wannan na cikin ayyuka mafi amfani da majalisa ta yi wa talaka tun 1999, kuma ba a yi masa waƙa ba, ba a buga fosta ba. Amma ku lura da shekarun da aka ɓata. Majalisar da ta gyara a 2018 ita ce dai ta zartar da kasafin 2016 da na 2017 babu kuɗin, ba ta ce uffan ba sai da aka matsa mata.

Yanzu mu koma ga matar da aka karɓi jikanta da fitilar waya. Kuɗin wutar wannan ɗaki sai ya tsallake matakai uku kafin ya zama haske. Na farko a rubuta shi a kasafi. Na biyu ma'aikatar kuɗi ta sake shi, domin abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban, kuma sau da yawa kuɗin manyan ayyuka ba ya fita duka kafin shekara ta ƙare. Na uku wanda aka ba aikin ya yi shi yadda aka ce. Idan kun ji a rediyo "an ware biliyan kaza", matakin farko kawai ake ba ku labari. Ɗan majalisar kirki yana bin kuɗin har mataki na uku: ya nemi takardar abin da aka saki, ya shiga mota da 'yan kwamitinsa su je su ga ginin. Gani ya kori ji. Sai dai ziyarar da ma'aikatar da za a bincika ita ce ta biya kuɗin jirgi da otal da abinci, kun san irin rahoton da za a rubuto.

Hanyar Abuja zuwa Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a cunkoson tireloli tsakanin Abuja da Kaduna ya san wannan hanya. Tsawonta daga Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya kusan kilomita 375 ne. A watan Disambar 2017 aka ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaranta a kan kimanin naira biliyan 155, da wa'adin wata 36. A watan Maris na 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta ɗaga kuɗin zuwa kusan biliyan 797, bisa cewa aikin ya tashi daga gyara ya koma sake gini ɗungurum. A ƙarshen 2024 gwamnati ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna saboda rashin jituwa a kan farashi.

Ba lallai ne ƙarin kuɗi ya zama sata ba. Naira ta faɗi, siminti da kwalta sun tashi, an kuma canza tsarin aikin. Amma nan ne kwamitin ayyuka ke da abin yi. Me ya sa tun farko aka auna gyara alhali hanyar ta mutu? Nawa aka biya, kilomita nawa aka gama? Wa ya duba ingancin abin da aka shimfiɗa? Sashe na 67 ya ce idan majalisa ta gayyaci minista ya zo ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa, dole ya zo. Direban da ke canza taya duk wata ba shi da ikon kiran minista, wakilinsa ne ke da shi.

Sai dai a kan hanyoyi majalisa ma tana da nata laifin. A 2017 ministan ayyuka Babatunde Fashola ya fito fili yana kuka cewa an zaftare kuɗin hanyar Legas zuwa Ibadan daga biliyan 31 zuwa biliyan 10. Da Shugaba Buhari ke sa hannu a kasafin 2018, ya ce majalisa ta yanke naira biliyan 347 daga ayyuka 4,700 da ɓangarensa ya gabatar, ta kuma shigar da nata ayyuka 6,403 na naira biliyan 578. 'Yan majalisa suka ce ai su ba 'yan amshin shata ba ne, kuma su suka san ƙauyukan da Abuja ta manta da su. Akwai gaskiya a nan. Amma idan aka tsinka kuɗin babbar gada guda aka mayar da shi rijiyoyin burtsatse da fitilun kan titi dubu, kowa zai samu abin ɗaukar hoto, gadar kuma ta ƙara shekara biyar.

Jirgin ƙasa kuwa ya kawo mu maganar bashi. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016 an gina shi ne da taimakon rancen dala miliyan 500 daga wani bankin China. A 2020 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya ɗauko yarjejeniyoyin bashin China yana karanta su sakin layi bayan sakin layi, ya kira ministan sufuri Rotimi Amaechi. Aka yi musayar zafafan kalamai, ministan na cewa binciken zai iya firgita masu ba da rancen. Ko me mutum zai ce game da hayaniyar, ranar ce jama'a da dama suka fara jin abin da ke cikin takardun da za a biya da harajin 'ya'yansu. Tambayar da ta rage ita ce me ya hana a karanta su tun kafin a amince da cin bashin. Irin haka ta sake faruwa da kuɗin da gwamnati ta riƙa ara daga Babban Banki. A lokacin dokar bankin ta taƙaita irin wannan aro ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma sai da ya kai naira tiriliyan 22.7, sannan a watan Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon zango, bayan an riga an kashe.

Sammaci da littafin odita

Sashe na 88 ya ba majalisa ikon binciken duk wanda ke aiwatar da dokar da ta yi ko yake kashe kuɗin da ta ware, don gyara doka ko bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ƙara mata haƙora: tana iya kiran kowa a Najeriya, ta rantsar da shi, ta nemi takardu, in ya ƙi zuwa ta ba da sammaci 'yan sanda su kawo shi. Majalisun jihohi na da irin wannan iko a sassa na 128 da 129. Da yawanku kun ga bidiyon watan Yulin 2020, inda muƙaddashin shugaban hukumar Neja Delta ya sulale a kan kujera ana tsaka da yi masa tambayoyi a kan kuɗi.

Akwai kuma aikin da ba ya shiga bidiyo. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda ake kira odita-janar, yana duba littattafan ma'aikatu ya kai rahoto majalisa bisa sashe na 85. Kwamitin asusun gwamnati ne ke zama a kan rahoton, kuma bisa al'ada ɗan jam'iyyar adawa ake ba shugabancinsa, don ba a ba kura ajiyar nama. A nan ake ganin an biya kuɗin magani babu rasit, ko an biya ɗan kwangila aikin da bai yi ba. Matsalar ita ce rahoton kan iso da jinkirin shekara biyu ko uku, lokacin mai laifin ya yi ritaya ko ya samu wani muƙamin, sai abin ya zama ihu bayan hari.

Ku kuma san iyakar majalisa. Ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Ƙudurin da ta yanke na cewa a kori wane ko a gyara hanya kaza shawara ce mai nauyi, ɓangaren zartarwa na iya yin biris da ita. Ƙarfinta na gaske yana wurin hana kuɗi, da ƙin tantance wanda aka naɗa, da miƙa rahoto ga EFCC ko ICPC, da kuma tsigewa idan abu ya yi ƙamari.

Idan mai gadi ya shiga rabo

A 2012, bayan zanga-zangar janye tallafin mai, kwamitin da Farouk Lawan mai wakiltar Bagwai da Shanono ya jagoranta ya fitar da rahoton da ya girgiza ƙasa a kan yadda ake wawure kuɗin tallafin. Ba a jima ba aka zarge shi da karɓar dala dubu 500 daga attajiri Femi Otedola don cire sunan kamfaninsa daga jerin masu laifi. Kotu ta same shi da laifi a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara 5 a watan Janairun 2024. Abin takaicin shi ne rahoton na ɗauke da gaskiya mai yawa, amma daga ranar duk wanda aka ambata a ciki ya samu abin kare kansa.

Waɗanda suka yi magana daga cikin gida ma ba su ji da daɗi ba. Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji ya zargi shugabannin Majalisar Wakilai da cushe a kasafin 2016, suka musanta, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A watan Maris na 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya faɗa a hira da Sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su ba. Majalisar Dattawa da fadar shugaban ƙasa suka ƙaryata, aka dakatar da shi wata uku.

Tushen rikicin, a nawa ganin, shi ne ayyukan mazaɓu, waɗanda aka saba ware wa naira biliyan 100 duk shekara. Ɗan majalisa ne ke zaɓar aikin, amma wata ma'aikata ko hukuma ce ke ba da kwangilar ta biya. To yaya zai tsare shugaban hukumar da tambaya da safe, alhali da yamma zai kira shi yana neman a saki kuɗin aikinsa? Tun 2019 ICPC ke bin irin waɗannan ayyuka gari-gari, ta kuma sha tarar da gine-ginen da aka yi watsi da su da kayan asibiti ko na noma da aka ɓoye maimakon a kai wa jama'a.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke cika ƙofar gidan Onarabul tun asuba, wannan da katin biki, wancan da takardar asibiti, wani da kuɗin makaranta. Albashinsa ba zai ɗauki wannan ba, kuma mun sani. Mutumin da ya shafe wata uku yana bin diddigin kuɗin magungunan jiha, idan ya dawo gida hannu sake sai mu ce ba ya taɓuka komai. Wanda ya yi shiru a zauren majalisa shekara huɗu amma ya raba atamfa, shi muke yi wa tazarce.

Ƙofar da za a buga

Kafin ku kai kuka, ku san mai abin. Asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato na tarayya ne, don haka maganarsu ta sanata ce da ɗan Majalisar Wakilai. Babban asibitin gari na jiha ne. Ƙaramin asibitin gunduma kuwa yana tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, mutanenku a nan su ne kansila da ɗan majalisar jiha. Haka hanyoyi suke: manyan da ke haɗa jihohi na tarayya ne, na cikin gari da na karkara na jiha da ƙaramar hukuma. Majalisar jiha ce ta fi kusa da ku, a Kano ma kujerunta 40 ne, amma ita aka fi mantawa da ita, kuma a jihohi da dama kasafin gwamna kan wuce cikin 'yan kwanaki ba tare da wata muhawara ba.

Kuna iya rubuta takardar koke ku sa hannu ku ba wakilinku ya gabatar a zaure, akwai kwamitin da aikinsa ke nan. Kuna iya halartar zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Akwai kiranye a sassa na 69 da 110, sai dai hawansa da wuya: sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a 2018 a wurin tantance sa hannun ya tsaya.

Aikin gida

Ku kasu gida uku. Rukunin farko su je ƙaramin asibitin gundumarmu su gaida mai kula da shi, su tambaya cikin ladabi ko asibitin na cikin masu samun kuɗin asusun kiwon lafiya a matakin farko, da kuma wa ke shugabantar kwamitin gunduma. Rukuni na biyu su samo sunan ɗan majalisar jiharmu da na tarayya, da kwamitocin da kowannensu yake ciki. Rukuni na uku su zaɓi hanya guda da ta dame mu, su gano ta wace gwamnati ce, su kuma duba ko akwai allon kwangila a bakinta, in akwai su kwafo abin da aka rubuta. Mako mai zuwa za mu haɗa abin da kuka samo mu rubuta takardar koke guda a kan allo, kowa ya kwafa a littafinsa da hannunsa.